Hannun Mijina ko Aikin Yayana

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo, ki kuma ba ni amsa da wuri, domin abin da ke gabana ba ya jira. Kada ki sa sunana. Ni tela ce, ina da ɗan shago a layin masu ɗinki, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da maɓallai. A danginmu an san ni da baki. Tun ina ƙarama ake cewa in kana son magana ta zaga dangi kafin la'asar, to ka faɗa mini da hantsi. Ga shi yau ni ce na riƙe magana a ciki har tana neman ta kwantar da ni.

Mijina Mai Lemo nake ce masa, kuma sai na gaya miki dalilin sunan za ki gane abin da nake tsoron rasawa. Lokacin da yake nemana ba shi da bakin zance ko kaɗan. Sai ya zo ya zauna a kan benci a ƙofar shagon da nake koyon ɗinki, ya zaro 'yar wuƙa, ya fere lemo, ɓawon ya fito zare ɗaya tun daga sama har ƙasa bai tsinke ba, ya miƙo mini, ya karkaɗe wando ya yi tafiyarsa. Hirar ke nan gaba ɗaya. Sauran 'yan koyo suka yi ta yi mini tsiya, su suka laƙaba masa sunan. Har muka yi aure, har muka haifi 'yarmu da ta shiga firamare bana, bai daina ba. In mun yi faɗa ba ya iya ba da haƙuri da baki, sai dai in ga lemo a fere a kan keken ɗinkina.

Aikinsa ɗaukar hoton walda. In masu walda sun haɗa manyan bututu, su ake kira su duba ko akwai tsaga a cikin haɗin wadda ido ba ya gani. Suna da wata tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya, a cikinta akwai 'yar ƙwaya da ba ta kai wake ba. Ita ke fitar da haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai wannan ƙarfe yake ratsawa. Sukan ja da baya can nesa su murɗa wani hannu, ƙwayar ta bi ta cikin tiyo ta je bakin waldar ta yi aikinta, su sake murɗawa ta koma tukunya. Yayana ne shugaban tawagarsu. Shi ya koya wa Mai Lemo aikin, shi ya tsaya masa aka ɗauke shi. Yaya kuwa ba wa ba ne kawai a wurina, Gwaggo. Iyayenmu sun rasu ina 'yar mitsitsiya, shi ya ajiye karatunsa ya riƙe ni, shi ya saya mini keken da nake cin abinci da shi yau.

Kowane ma'aikaci ana ba shi ɗan bajo ya maƙala a ƙirji, shi ke auna yawan hasken da ya shiga jikin mutum. Ana kuma ba su wata 'yar na'ura mai kuka in ƙwayar tana waje, su sun sa mata suna Magulmaciya. To ashe ɗabi'arsu ce, tun kafin Yaya ya zama shugaba, da sun isa wurin aiki sai kowa ya cire bajonsa ya jefa a aljihun gaban mota, Magulmaciya kuma a zare mata batir. Wai in bajo ya nuna hasken ya yi yawa sai a janye mutum daga fita, a zaunar da shi a ofis wata da watanni babu alawus. Ita kuwa Magulmaciya wai cika musu kunne take yi, tana rage musu sauri. Wallahi na sha ganin bajojin nan a aljihun motar in Yaya ya rage mini hanya, suna kwance tare da cingam da tsumman goge gilashi. Na ɗauka katin shiga ma'aikata ne.

Ranar da tsautsayin ya faɗa, ƙwayar ba ta koma tukunya ba, ta maƙale a bakin tiyo, kuma ba wanda ya sani tunda an rufe wa Magulmaciya baki. Mai Lemo ya je ya kama bakin tiyon da hannun dama zai kwance shi, abu ya cije, aka yi ta fama da shi kafin a gane abin da ke ciki. Duk wannan daga baya na ji. A ranar dai lafiya lau ya dawo, ya ci abincinsa, ya ce yatsunsa na ɗan yi masa raɗaɗi kamar ya taɓa barkono. Washegari ma abin ya lafa, muka manta.

Sai bayan 'yan makonni fatar ta yi ja, ta kumbura, ta yi bororo. Babban yatsa, da manuni, da gefen tafin hannu. Ya ce mini bututu mai zafi ya dafa, ni kuma na yarda, har ina yi masa faɗan rashin kula. Muka je asibiti aka wanke aka naɗe, ciwo ya kama warkewa kamar gaske, muka yi hamdala. Ba a jima ba ya sake fashewa, ya fi na farko zurfi. Gwaggo, mijina mutum ne da ko zazzaɓi ya kayar da shi ba ka jin nishinsa, amma na dawo daga shago da rana tsaka na same shi durƙushe a tsakar gida ya cusa tawul a baki yana cizo don kada maƙwabta su ji. Likitoci suka yanki fata daga cinyarsa suka dasa a wurin. Fatar ta yi baƙi ta ɓalle.

Daga nan aka tura mu wurin likitar ƙuna, wata siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana juya hannun. Ta tambaye shi sana'arsa, ya ce aikin bututu. Ta ce ta ga ƙunar wuta, ta ga ta ruwan zafi, ta ga ta mai, amma ƙunar da za ta warke sannan ta koma tana cin nama daga ciki iri ɗaya ce ta sani, ita ce ta wannan haske. Ta ce in ita ce, akwai wata babbar cibiya da ke yin sabon magani. Za a ɗebi ɓargo ko kitse daga jikinsa shi kansa, a tace ƙwayoyin halitta masu gina sabon nama, a raya su. Sai a yanke mataccen naman daidai gwargwado, a sake dasa fata, a riƙa yi masa allurar ƙwayoyin a kewayen ciwon, su farfaɗo da ƙananan jijiyoyin jinin da hasken ya kashe, fatar ta samu inda za ta kama. Ta ce ta ga hannuwan da aka ceto ta haka, kuma sau da yawa raɗaɗin ne ke fara sauka.

Ina jin haka wani sanyi ya ratsa ni, na ji kamar in rungume ta. Sai ta ƙara da cewa cibiyar ba ta karɓar mutum sai da cikakken bayani: wace irin ƙwaya ce, ta ina ya riƙe, ya daɗe ko bai daɗe ba. Da wannan ake gane iyakar inda hasken ya ci, don kada a yanke lafiyayye ko a bar matacce. In babu bayanin, abin da ya rage shi ne a cire yatsun nan biyu, kuma ba ta da tabbacin a nan abin zai tsaya. Ta sake tambayarsa a hankali, me ya taɓa? Mutumin nan ya dube ta ido cikin ido ya ce bututu mai zafi.

Da muka koma gida ban bar shi ya sha ruwa ba. Ina canza masa bandeji ina tuhumarsa, na ce ni ba yarinya ba ce, na ga yadda fuskarsa ta canza a gaban likita. Can sai ya zayyana mini komai. Ya ce in magana ta fita hukuma za ta shigo, a ƙwace lasin Yaya, wataƙila har a kai shi kotu, sauran 'yan tawaga kuma kowa da iyalinsa, duk za a sallame su. Ya ce mutumin da ya ba shi sana'a ya kuma ba shi ƙanwarsa, ba shi ne zai kai shi ƙasa ba. Sai ya ɗaga hannun ya ce, "Yatsa biyu ne kawai, ina da sauran takwas." Na ce da takwas ɗin zai riƙa fere mini lemo? Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ni ma na taya shi. Ya roƙe ni in rufa asiri. Ban rantse ba, amma na gyaɗa kai.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne Yaya. Kullum ya tashi aiki sai ya biyo, ya kawo ayaba ko kankana, ya zauna kusa da Mai Lemo su yi ta kallon bango tare. Ya rame, wuyan rigarsa har lilo yake yi. Mu da muke tsokanar juna kamar abokan wasa, yanzu ko ido ba ya son mu haɗa. Hannunsa na dama kullum a aljihu, da hagu yake karɓar shayi, har na ce masa ko sabon yayi ne ya shigo ba mu da labari, ya ce sanyin ƙashi ne. Matarsa ta ce ya daina cin abinci da yara, ya koma cokali shi kaɗai a ɗaki. Na san laifi ne ke cin sa, amma laifin da ba ya buɗe baki me zai yi mini? Kwanan nan ma, ina cikin wannan tashin hankali, ya leƙo shago wai in ɗinka masa safar hannu ta auduga mai laushi, 'yar yalwatacciya, saboda tuƙi. Na ɗauko tef zan auna shi ya ce in bari, in yi da awon mijina, sauri yake yi. Raina ya ɓaci matuƙa. Hannun surukinsa na ruɓewa, shi safar tuƙi ce ta dame shi! Na ɗinka dai, tana nan a cikin leda ban kai masa ba.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar faɗa. Tun da na ji gaskiya nake ware kayansa wajen wanki, na kuma hana yarinyar nan hawa cinyarsa, ina tsoron ko hasken yana jikinsa har yanzu. Ya kuwa lura. Yanzu in ta rugo da gudu shi da kansa yake cewa ta je wurin mamanta, ita kuma ta tsaya tana kallonsa ba ta gane laifin da ta yi ba.

Likita ta sa mana ranar komawa, kuma ta matso. Da za mu fita ta riƙe ni a bakin ƙofa ta ce ɗakinta a buɗe yake ga duk wanda ya tuna wani abu. Tun ranar zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. In na hau keke ina ɗinki sai in riƙa ganin hannun ya warke, har in kama kaina ina murmushi ni kaɗai, sai kuma in tuna 'ya'yan Yaya da ke kirana Anti. Gwaggo, maganin nan gaskiya ne, ko zan rusa gidan wana ne a kan mafarki? In je wurin likita a ɓoye? In na je, da wane ido zan dubi mutumin da ya goya ni? In ban je ba, da wane ido zan dubi hannun mijina? Ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci, zan iya ɗauka.

Taki, Tela matar Mai Lemo.

AMSA

'Yata, na karanta wasiƙarki har ƙarshe, na kuma koma na sake karanta wasu wurare. Sannu da ɗawainiya. Bari in fara da abin da za ki iya gyarawa yau ɗin nan. Ki mayar da yarinyar nan kan cinyar ubanta. Ni ba likita ba ce, amma na kai tambayarki wurin wata likita da na amince da ita, ta ce irin hasken da kika kwatanta ratsa jiki yake yi ya wuce, ya bar ɓarna amma ba ya zama a jikin mutum. Mijinki ba ya ɗauke da abin da zai shafa wa kowa. Ki haɗa wankinsa da naku, ki kiyaye tsabtar ciwon kawai kamar yadda aka koya miki. Mutumin da ke fama da irin wannan raɗaɗi bai kamata a ƙara masa da kewar 'yarsa ba.

Maganin da likitarku ta faɗa ba mafarki ba ne. Ana yin sa, kuma an samu waɗanda ya ceto musu gaɓoɓin da aka fid da rai da su. Sai dai ba zan yi miki daɗin baki ba. Sabon abu ne, cibiyoyin da suka iya shi ba su da yawa, yana ɗaukar lokaci, kuma ba a ba kowa tabbaci. Yana yiwuwa a ceto yatsun duka, yana yiwuwa a ceto ɗaya, yana yiwuwa su tsira amma su ɗan sandare. In kun koma ki buɗe bakin nan naki da aka san ki da shi, ki tambaya: me ake sa ran samu a irin hannunsa, me zai biyo baya in fatar ba ta kama ba, wa zai ɗauki nauyin jinyar tunda a bakin aiki abin ya faru, kuma me za a ba shi yanzu don raɗaɗin. Kada kuma ki yarda da duk wanda zai tare ki a waje da wata allura ko wani man shafawa wai shi ma irin wannan ne. Ta hannun likitarku kaɗai za ku bi.

Mijinki ba wawa ba ne, mai halacci ne, kuma ina son ki riƙe wannan a ranki in za ki yi masa magana. Mutumin da zai ba da yatsunsa don kada ya ci amanar wanda ya yi masa rana, kin yi dace da shi. Tsoronsa ma ba na banza ba ne. In magana ta fita za a yi bincike, Yayanki zai amsa tambayoyi masu zafi, yana iya rasa shugabancin, yana iya rasa lasin na wani lokaci ko ma gaba ɗaya. Amma lissafin mijinki ya karkace a wuri ɗaya. Shi yana ganin yatsa biyu zai biya a rufe magana, alhali likita ta gaya muku ba ta san inda abin zai tsaya ba. Kuma duk wannan shirun da kuke yi, gobe da safe wasu magidanta za su sake jefa bajo a aljihun mota su nufi tukunyar da ƙwayarta ta riga ta taɓa maƙalewa.

Yanzu ki natsu ki ji abin da ya sa na sake karanta wasiƙarki. Kin ce tiyo ya cije aka yi ta fama da shi. Shugaban tawaga ba ya harɗe hannu yana kallon yaronsa na kokawa da kayan aiki, zuwa yake yi ya kama. Kin ce hannun Yayanki na dama kullum a aljihu, da hagu yake karɓar shayi, ya daina sa hannu a kwano da 'ya'yansa. Ya nemi safa mai laushi, yalwatacciya, ya kuma hana ki auna shi. 'Yata, ba na jin safar tuƙi ce. Ina kyautata zaton shi ma ya taɓa abin nan, kuma hannunsa na ciwo yana ɓoyewa, ko don kunya, ko don yana ganin bai cancanci ya yi kuka ba bayan abin da ya samu mijinki. Allah ya sa na yi kuskure. In ban yi ba, to shirun da kuke ganin kuna kare shi da shi, shi ne ke cin hannunsa, shi da ko likita bai gani ba tukuna.

Don haka ba na ba ki shawarar ki lallaɓa wurin likita a ɓoye tun yanzu. Ki fara da mijinki. Ki zaunar da shi lokacin da maganin raɗaɗi ya kama shi, ki gaya masa abin da kika lura da shi a hannun Yaya, ki tambaye shi kai tsaye ko shi kaɗai ya riƙe tiyon. Ki gaya masa za ki je wurin Yayanki, ba izini kike nema ba, sanar da shi kike yi don ba kya son yin komai a bayan idonsa. Gyaɗa kan da kika yi alkawari ne na rufa asiri, ba alkawarin zura ido mutum biyu su nakasa ba.

Sannan ki ɗauki ledar safar nan da tef ɗinki ki tafi gidan Yaya da rana, ki nemi ku keɓe. Ki ajiye faɗa a ƙofa, na san zai yi miki wuya. Ki ce masa ke tela ce, ba kya ba da ɗinkin da ba ki gwada ba, ya kawo hannu. In ya fito da shi lafiya lau, alhamdulillahi, sai ki gaya masa abin da likita ta ce da kuma abin da mijinki ya zaɓa ya yi dominsa, don ina shakkar ya san maganar ta kai ga yanke yatsu. Mutumin da ya ajiye karatunsa don ya riƙe ki ba zai so a biya masa aiki da hannun mijinki ba. Ki ba shi dama ya zama shi ne zai buɗe baki. Shi ya fi kowa sanin ƙwayar da tukunyar, bayanin da cibiyar ke nema yana bakinsa, kuma wanda ya kai kansa ya faɗi gaskiya ba a yi masa kallon wanda aka tono. Ya nemi lauya ko ƙungiyar ma'aikata tun kafin ya zauna da hukuma. Ya kuma faɗi dalilin da ya sa ake ɓoye bajon, domin ɗabi'ar ta girme shi, kuma ma'aikatar da ke hukunta mutum da yunwa don bajonsa ya faɗi gaskiya ita ma tana da amsar da za ta bayar. Sauran 'yan tawagar duk su je a gwada jininsu.

In kin yi duk wannan suka kafe, to kafin ranar komawarku ki gaya wa mijinki a fili cewa za ki shiga ɗakin nan da aka ce miki a buɗe yake, ki kuma shiga. Zai yi fushi, Yaya ma wataƙila ya ɗauke miki ƙafa na ɗan lokaci. Fushi yana hucewa, aiki ana sake samu, mai sana'a a ka ba ya rasa inda zai dafa. Yatsa in an cire shi ke nan. Amma ban jin za a kai ga haka. Mutanen nan biyu kowanne yana ƙoƙarin kare ɗan'uwansa ne ta hanyar da ba ta ɓullewa, kuma sun rasa wanda zai gaya musu. Danginku sun daɗe suna yi miki tsiyar baki, ga ranarsa ta zo.

Ke ma ki kula da kanki, ki ci abinci, ki samu mutum ɗaya mai hankali da za ki riƙa sauke wa nauyin zuciya, matar Yaya ma tana da haƙƙin ta sani. Ina yi wa mijinki fatan fatar ta kama, raɗaɗin ya sauka, Yayanki kuma Allah ya ba shi ƙarfin zuciya da mafita mai sauƙi. 'Yar wuƙar nan ki wanke ta ki ajiye inda ya saba ganinta. Ranar da ya sake ɗaukarta, in ɓawon ya tsinke a tsakiya, ki karɓi lemonki ki shanye, kada ki ce komai.

Gwaggonki.